Abin da aka tattara daga mahawarar Gareth Bale

Jama'a, an yi mahawara a kan rayuwar ƙwallo ta Gareth Bale, tsohon ɗan wasan Wales. Ga shawarwarin da suka fito ga matasan 'yan ƙwallo:

1. Kowa ya yarda kada yaro ya ƙi sauya matsayi. A matsayin mai tsaron baya ta hagu Bale ya fara a Southampton, sai da Tottenham ta tura shi gaba ya yi suna.

2. Ƙasarka kada ka yasar da ita. Wasa 111 ya buga wa Wales, ƙwallo 41, ya kai ta gasar duniya ta 2022, karo na farko tun 1958.

3. A kan zamansa a Real Madrid aka rabu. Wasu sun ce kofin Zakarun Turai biyar da ƙwallon da ya ci Liverpool a 2018, wanda ya yi tsalle ya buga ta baya, sun ishe shi. Wasu kuma sun ce raunuka da saɓaninsa da magoya baya sun rage masa daraja. Ni dai ina tare da na farko.