Wane suna za mu ba mai faɗowa a madadin jarumi?

Jama'a, assalamu alaikum. Daren jiya a nan Gusau muka kalli The Stunt Man, fim ɗin Amurka na 1980 wanda Richard Rush ya ba da umarni, kuma da ƙanena ya tambaye ni ma'anar sunan sai na yi ta kame-kame, domin ban san kalmar Hausa da ke nufin mutumin da ake sa wa tufafin jarumi ya diro daga bene ko ya faɗa kogi da mota ba.

Fim ɗin bai samu 'yan kallon da ya cancanta ba, duk da cewa ya shiga takarar Oscar a fannoni 3. Peter O'Toole ne ya fito a matsayin darakta wanda ya ɓoye wani tsohon sojan yaƙin Biyetnam da 'yan sanda ke nema, ya sa aka rina masa gashi ya maye gurbin wani mai irin wannan sana'a da ya nutse wajen ɗaukar fim. Akwai inda masu kallon ɗaukar fim ke kururuwa a bakin teku ganin gawarwaki babu hannu babu ƙafa, sai ga matattun sun miƙe suna kakkaɓe yashi, ashe gaɓoɓin binne su aka yi.

Wani malami ya ce a kira mai wannan sana'a ɗan tauri. Allah ya ƙara wa Malam lafiya, amma ban gamsu ba, domin ɗan tauri a gaban jama'a yake goga wuƙa a cikinsa, makaɗi yana kiran sunansa, alhali wannan bawan Allah sana'arsa ita ce kada a gane shi. Na'ibi kuwa mu bar wa liman.

Ɗan kasada ya fi daɗin faɗa, sai dai har mai tseren babur a hanyar Ƙaura Namoda ma haka ake ce masa, kuma kalmar ba ta nuna cewa wani ne zai kwashe yabon ba. Saboda haka na fi karkata ga makwafin jarumi, tunda mun saba cewa wane ya je a makwafin wane. Sana'ar a kira ta wasan kasada, mai yin ta ɗan kasada, amma da zarar ya sa rigar wani ya juya wa kyamara ƙeya, ya zama makwafi. Na gwada wa ƙanen nawa: "Ba jarumin ne ya diro ba, makwafinsa ne." Bai nemi ƙarin bayani ba.