Dubbai sun danna a intanet, wai shi kenan an san wanda zai ci zaɓe?

Auta: Jama'a ku duba fa, ƙuri'ar jin ra'ayi da aka saka a X da Facebook duk ɗan takararmu ne a sama, kuma ba mutum goma ko ashirin suka danna ba, dubbai ne. Ni a wajena magana ta ƙare, in aka sanar da wani ba shi ba to wallahi murɗiya aka yi. Yawan jama'a ai ba ya ƙarya.

Malamin Lissafi: Ƙanena yawan kam na gani, amma su waye suka danna? Mai babbar waya ne, mai data, wanda yake bin shafin da ya saka tambayar, kuma abin ya dame shi har ya tsaya ya danna. Tsohuwar da ba ta taɓa buɗe X ba amma sai ta riga kowa zuwa layi ranar zaɓe, waye ya tambaye ta? Kamar ka tsaya a ƙofar filin wasa ne kana tambayar masu shiga ko suna son ƙwallo, ko mutum miliyan ka tambaya amsa ɗaya za ka ji, don tun wajen tsayawar ka riga ka zaɓi amsarka.

Auta: Malam da girmanka, amma ai in mutane suka yi yawa kuskuren narkewa yake, ku ma haka kuke koyarwa a aji.

Malamin Lissafi: Wani kuskuren yana narkewa, irin na tsautsayi, amma in tun farko ɓangare ɗaya kake ɗibowa to ƙarin yawa ba ya gyara komai sai ma ya ƙara maka ƙarfin gwiwa a kan abin da ba haka ba. An yi wannan a Amurka a 1936. Wata mujalla Literary Digest ta aika takardun tambaya kusan miliyan 10, sama da miliyan 2 suka dawo, ta ce a zaɓen shugaban ƙasa ɗan takara Landon zai samu kashi 57 cikin 100 ya kayar da shugaba mai ci Roosevelt. Da aka yi zaɓen Roosevelt ya tashi da kusan kashi 61, ya cinye jihohi 46 cikin 48, Landon Maine da Vermont kaɗai ya samu. Sunayen daga ina suka samo su? Littafin lambobin waya, rajistar masu mota, da masu sayen mujallar, a lokacin da tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe, talakan da ke neman aikin yi ina ya ga mota. Shi kuwa Gallup, wani mai binciken jin ra'ayin jama'a, mutanen da ya tambaya ba su kama ƙafar wannan adadin ba amma ya ce Roosevelt ne. Zuwa 1938 mujallar ta daina fitowa.

Maman Biyu: Malam a ƙara da wannan, ba masu mota ne kaɗai matsalar ba. Cikin duk mutum huɗu da aka aika wa takardar kusan ɗaya ne ya mayar, kuma binciken da aka yi daga baya ya nuna masu jin haushin Roosevelt su suka fi zumuɗin mayarwa. Mai fushi shi ke magana da ƙarfi, wanda hankalinsa ke kwance ajiye takardar yake ya ci gaba da harkarsa, ranar zaɓe kuma ya fito. Ku duba kwament a ƙarƙashin kowane fostin ɗin siyasa za ku ga haka har gobe.

Baba Dattijo: Ni shi yasa duk masu binciken nan ban yarda da ko ɗaya ba, tsoho da sabo. Ba su ne a 2016 suka cika mana kunne wai Hillary Clinton ta gama ci ba? Ranar wanka ai ba a ɓoyon cibi, a bari akwati ya yi magana kawai.

Maman Biyu: Baba Allah ya ƙara girma, amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. A lissafin ƙasa baki ɗaya ba su yi nisa da gaskiya ba, ta fi Trump ƙuri'a kusan miliyan 3. Inda suka zame a jihohi ne irin Wisconsin da Michigan da Pennsylvania, waɗanda suka ba Trump nasara, kuma ɗaya daga dalilan shi ne masu digiri sun fi amsa tambayoyin bincike, a shekarar kuma sun fi karkata wajen Clinton, da yawa cikin masu binciken jihohin ba su daidaita lissafinsu da matakin ilimi ba. Kenan cutar 1936 ce ta dawo, kuma ƙwararru ta kama ba masu saka tambaya a shafi ba.

Baba Dattijo: To 'yata ai kin ƙarfafa maganata, in ƙwararren ma zamewa yake me ya rage?

Malamin Lissafi: Ranka ya daɗe bambancin shi ne ƙwararren yana faɗin yadda ya zaɓo mutanensa, in ya faɗi ana iya bin sawu a gano inda ya kauce. A Birtaniya a 2015 bincike ya nuna jam'iyyun Conservative da Labour kankankan, sai Cameron na Conservative ya samu rinjaye a majalisa, aka kafa kwamiti ya duba ya ce samfurin mutanen ne bai wakilci masu zaɓe ba, magoya bayan Labour sun yi yawa a ciki. Kuma aikin ƙara wuya yake, cibiyar Pew ta ce masu amsa bincikenta ta waya sun sauko daga kashi 36 a 1997 zuwa kashi 6 a 2018. Amma na intanet ɗin da Auta ya kawo ko wannan bin sawun babu, mutum ɗaya mai akawun biyar sau biyar zai danna, wanda ko katin zaɓe ba shi da shi zai danna, wanda ke wata ƙasa ma zai danna.

Auta: Duk na ji, amma kar ku mayar da ni kamar na ƙirƙiro maguɗi, ana yi ai. Kuma ni duk wanda na sani, abokaina, 'yan ajinmu, wajen aiki, mutum ɗaya muke yi, in aka ce ya faɗi dole biri ya yi kama da mutum.

Yaya Babba: Auta nan ne ni abin yake ban tsoro wallahi. Ba wanda ya ce ba a maguɗi, ana yi, amma hujjarsa takardar sakamakon rumfa ce da wakilin jam'iyya ya sa wa hannu, a jera ta da abin da aka sanar a ga ko sun yi daidai, ba hoton allon waya ba. Mutanen da ka sani ai kai ka zaɓe su, shekarunku ɗaya karatunku ɗaya, kuma manhajar ma abin da kake so take ƙara turo maka, wanda ya saɓa maka tuni ka yi bulokin ɗinsa. To in kowane ɓangare ya shiga zaɓe da yaƙinin shi ne mai rinjaye, dole ɗaya ya wayi gari yana jin an yi masa fashi, kuma daga irin wannan zuciyar ake fara ƙone-ƙone, yaran mutane ne ke mutuwa a ciki. Ga wata ɓarnar kuma, wasu na ganin an ce nasu ya riga ya ci sai su kwanta a gida ranar zaɓe.

Maman Biyu: Yaya shi kansa zaɓen ma ai masu fitowa su ke zaɓar kansu. A ƙasashe da yawa dattawa sun fi matasa fitowa, a intanet kuma matasa ne suka cika wuri, kin ga biyun ba za su taɓa haɗuwa daidai ba. Ɗan siyasa kuma ya san wa ke fitowa, shi yake yi wa alkawari. Shi yasa Ostireliya ta wajabta jefa ƙuri'a tun 1924, wanda ya ƙi ba uzuri tara zai biya.

Baba Dattijo: Tilastawar nan kam ban goyi baya ba, wanda bai ga na zaɓa ba a ƙyale shi, ƙin fitarsa ma magana ce.

Auta: Ni dai har yanzu ina nan kan cewa mu ne da rinjaye. Amma zan nemi a saka ni wakili a rumfarmu, in tsaya har a gama ƙirga in ɗauki hoton takardar da hannuna.

Yaya Babba: Ka je da caja da fitila, ƙirga kan kai dare, kuma kar ka sa hannu sai ka karanta alƙaluman da aka rubuta ɗaya bayan ɗaya.