Jesi da manhajar gasa daga kamfani ɗaya: waɗanda suka gwada su ba mu labari

Sakataren gasa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Muna shirya gasar ƙungiyoyi 10 na unguwanni a nan Kano, kowa zai kara da kowa sau ɗaya, wasanni 45 ke nan. Wani kamfani ya kawo mana tayin ɗinka wa kowace ƙungiya jesi da launinta da tambarinta, sannan ya haɗa mana da manhajar waya mai fitar da jadawali, da lissafa maki, da adana sunayen 'yan wasa. Kafin kwamiti ya sa hannu, ina roƙon duk wanda ya taɓa shiga irin wannan ciniki ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa.

Kocin matasa:
Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Tambayar farko da za ka yi musu ita ce yadda suke buga lamba da suna. Bara mun karɓi jesi 18 waɗanda aka manna wa lambobi da injin zafi, kuma kafin a kai tsakiyar gasa lambar mai tsaron bayanmu ta fara ɗagowa daga gefe, har alƙalin wasa ya tsayar da shi yana tambayarsa ko 3 ce ko 8. Abin ya yi mini ciwo, domin yaran nan da kuɗin aljihunsu suka yi karo-karo. A bana mun koma ga ɗaya hanyar, wadda ake buga zanen a takarda, a ɗora a kan yadi, a danna da zafin da ya kai kusan digiri 200, tawadar ta zama tururi ta shige cikin zaren. Wannan ba ya ɓarewa, amma sai a kan yadin foliyesta yake kamawa da kyau, ba ya zama a auduga. Ka nemi samfur guda, ka wanke shi da omo sau biyar, ka shanya a rana. Kada kuma a manta cewa doka ta wajabta wa gola launin da ya bambanta da na sauran 'yan wasa da na alƙalai.

Malamar wasanni:
Ni ƙorafina a kan awo ne. Na yi wa ɗalibaina mata oda, abin da aka rubuta wa babba ya zo a matsakaici, kuma sai da na nace kafin suka yarda su yi dogon hannu da dogon wando da ɗankwalin wasa, alhali tun 2014 hukumar dokokin ƙwallon ƙafa ta duniya ta halatta rufe kai a fili. Ku sa su aiko da awon ƙirji da tsayi a santimita, a rubuce.

Alƙalin wasa:
Ranka ya daɗe, manhajar ta fi jesin amfani a wajena. Babbar rigimar gasar unguwa ita ce ɗan haya, wanda zai buga wa wannan ƙungiya ranar Asabar, ya ɓullo a wata ranar Talata da wani suna. Da muka yi wa kowa rajista da hoto, nakan tsaya a bakin fili da waya in duba fuska ɗaya bayan ɗaya, kuma a mako na biyu na mayar da mutum biyu benci ba tare da hayaniya ba, don hoton ne ya yi magana. Haka ma katin gargaɗi, manhajar ce ke tara shi ta nuna wanda aka dakatar. Matsalarta ɗaya: filinmu ba ya samun sabis sosai, wata rana sai da na koma gida kafin sakamakon ya hau. Tun daga nan ban rabu da takardar rahoton wasa ba. Ku kuma tabbatar an saita ta tun farko a kan abin da zai raba ƙungiyoyin da suka yi kunnen doki a maki, ko yawan ƙwallaye ko sakamakon karawarsu.

Ma'ajin ƙungiya:
Mu shekarar farko kyauta aka ba mu manhajar saboda mun sayi jesi. Da muka sauya wajen ɗinki, sai aka ce mu biya kuɗin shekara da dala, in ba haka ba sunaye da hotunan yaranmu su maƙale a can. Ku raba yarjejeniyar gida biyu, kuma a rubuta cewa kuna da ikon sauke bayananku duk lokacin da kuka so.

Sakataren gasa:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Gobe zan nemi samfurin da teburin awo, kuma zan kai wa kwamiti shawarar biyan rabin kuɗi yanzu, sauran sai kaya sun iso an ƙirga su a gaban kyaftin ɗin kowace ƙungiya.