Yaya ake sayar da wasan kurket alhali mutum 11 ne a ƙungiya?

Ɗan Agege: Salamu alaikum. Yaranmu sun fara zuwa filin kurket na Dandalin Tafawa Ɓalewa da ke Legas, ni kuwa ina jin ana cewa caca ta lalata wasan a ƙasashen waje. Shin dukan 'yan wasan ake saya?

Malam na Idi-Araba: Wa alaikumus salam. Ba sai an sayi kowa ba, ɗan'uwa, mutum ɗaya ko biyu sun isa. Dillalin caca ba ruwansa da wanda zai ci wasa, guntun wasa yake saya: maki nawa za a samu a zagaye kaza na jifa shida, ko a jifa ta nawa mai jifa zai ƙetare layin da doka ta hana ƙafarsa wucewa. Haka aka yi a filin Lord's na Landan a 2010. Wakilin 'yan wasa Mazhar Majeed ya karɓi fam 150,000 daga ɗan jaridar da ya ɓad da kama, ya faɗi jifan da Mohammad Amir da Mohammad Asif na Pakistan za su ƙetare layi, kuma hakan ta faru. Amir ya wuce layin da tazarar da ko makaho zai yi zargi. A 2011 kotu ta ɗaure kyaftin ɗinsu Salman Butt wata 30, Asif shekara 1, Amir wata 6.

Hajiya Obalende: Malam ya manta da maganar ba da alama. Dole ɗan wasa ya sanar da dillali cewa ciniki na nan kafin a zuba kuɗi. A gasar kurket ta IPL ta Indiya a 2013, 'yan sanda sun ce tawul mai jifa Sreesanth ya soke a ƙugu a matsayin alama.

Alhaji Mile 12: Kyaftin ya fi kowa tsada, don shi ke zaɓen mai jifa da inda kowa zai tsaya. Hansie Cronje, kyaftin ɗin Afirka ta Kudu, ta hanyar sauraron waya 'yan sandan Delhi suka gano shi a 2000, aka haramta masa wasa har abada.

Ɗan Agege, ga abin da za ka koya wa yaranka. Dillali ba ya farawa da maganar caca. Kyauta yake farawa da ita, waya ko takalmi, sai tambayar wa zai buga gobe. Wanda ya karɓa ya shiga hannu. Kuma a dokar ICC, hukumar kurket ta duniya, yin shiru ma laifi ne: an dakatar da ɗan wasa Shakib Al Hasan na Bangladesh a 2019 don kawai bai kai rahoton dillalin da ya tuntuɓe shi ba.