Dalma ta taru a bututun fistol ɗin .22, me ake wanke ta da shi?

Ɗan Kawo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu harkar harbi na wasa ku taimaka min da shawara. Fistol ɗin .22 (ƙaramar bindigar hannu, .22 shi ne girman harsashinta) da muke atisaye da ita a mita 25, ta ƙungiya ce, a ma'ajiya take kwana amma ni aka ɗora wa kula da ita, kwanan nan harsashi ya fara watsewa, wani ma a karkace yake huda takarda. Na haska tocila ta baya sai na ga layukan cikin bututun, waɗanda ke juya harsashi, sun cike a farko-farko, wani abu toka-toka ya kwanta. Na tura tsumma da mai ya fito da baƙi amma abin yana nan.

Baba Saje:
Wa alaikumus salam. Dalma ce yaro, ba tsatsa ba. Kafin komai cire magazin, wato ma'ajin harsasai, ja saman bindigar baya ka duba ɗakin harsashi da idonka, harsasai kuma su bar ɗakin da kake aiki. Sannan ka gane abin da ke faruwa. Kan harsashin .22 dalma ce tsura mai laushi, yawanci nauyinsa giren 40 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne), ba shi da rigar jan ƙarfe irin na manyan bindigogi, ɗan kaki kawai ake shafa masa a waje shi ne man da ke sa ya zame. In kakin nan ya yi kaɗan ko ya narke, ko bututun yana da ɗan kaushi, sai dalma ta riƙa gogewa tana mannewa, na gaba ya zo ya ƙara a kai. Shi ya sa ka gan ta a farko, daidai inda harsashi ke barin ɗakinsa ya kama layukan, nan ne matattararta.

Ɗan Kawo:
To Baba buroshi zan sa da ƙarfi ke nan?

Baba Saje:
A'a, ƙarfi shi ke kashe bututun .22. Jiƙa ta za ka yi tukun, kamar ƙanzo a gindin tukunya, wanda ya jiƙa ya fi wanda ya kankare samun sauƙi. Ka jiƙa tsumma da man wanke bindiga ka tura, ka ajiye ta ko da na awa ɗaya ne, in ta yi yawa bar ta ta kwana. Man ba narkar da dalmar yake ba, shiga ƙarƙashinta yake ya ɗaga ta. Da safe sai buroshin tagulla daidai girman .22, ka shigar ta baya, ka tura har ya fita gaba ɗaya kafin ka jawo, kar ka juya shi a tsakiyar bututu. Bayan nan tsumma mai ɗan matsewa. Za ka ga wasu ƙananan ɓarɓashi masu ƙyalli kamar azurfa a jikin tsumman, to ita ce ke fita. Ka maimaita har tsumma ya daina kawo su.

Na Barnawa:
Na goyi bayan Baba. A man wanke bindiga ni Hoppe's No. 9 na saba da shi, wasu kuma Ballistol na Jamus suke so, dukkansu tsofaffin kaya ne sun haura shekara 100 a kasuwa, Kroil ma yana shiga ƙarƙashin dalma sosai in ka samu. Matsalar dai samunsu a nan, sai dai saƙo. Sannan akwai dabarar soson jan ƙarfe, ka warware 'yan zare kaɗan ka naɗe a jikin tsohon buroshi, wallahi yana kwaso ta da sauri kuma jan ƙarfe bai kai ƙarfen bututu tauri ba.

Hajiya Koci:
Na Barnawa ka faɗi rabin magana, dan Allah a ƙarasa kar yaro ya tafi kasuwar Gumi ya sayo soson wanke tukunya. Da yawan masu launin jan nan ƙarfe ne aka yi wa rufi, za su karce maka bututu kuma karcewar nan ita ce za ta riƙa kama dalma har abada. Ka ɗora maganaɗisu a kai, in ya kama ka mayar kicin. Kuma ka kiyaye bakin bututun, wannan ɗan gefen da harsashi ke rabuwa da shi a ƙarshe, in sandar wanki ta ci shi ta gefe ɗaya an gama da saiti. In bindigar ba ta ba da hanya ta baya, igiyar wanki ta fi sanda.

Abban Hanif:
Ni na ga wani bidiyo ana haɗa ruwan kal da haidirojin ɗin wanke ciwo rabi da rabi, a toshe bututu a zuba, wai minti kaɗan dalma ta narke

Hajiya Koci:
Tana narkewa, amma ina roƙonka da Allah kar ka koya wa yara wannan. Abin da ke fitowa ruwan gubar dalma ne, dalmar da take a daskare ka mayar da ita ruwan da zai iya shiga jiki cikin sauƙi, sannan ina za ka zubar? A kwata, inda yara ke wasa? Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka rasu, bai kamata a ce mu ne masu wasa da ita ba. Banda haka yana cin baƙin fentin bindiga, in ya daɗe a ciki ya yi wa ƙarfen ƙananan ramuka. Haka masu cewa a sa zaiba, tsohuwar hanya ce kuma guba ce, a bar ta. Ko wankin buroshin ma ku sa safar hannu, a waje mai iska, ba cin goro ba shan shayi a wurin, tsummokaran a ƙulle a leda, a wanke hannu da sabulu kafin a ɗauki yaro.

Abban Hanif:
Na gode Hajiya, Allah ya saka, na bar shi.

Ɗan Kawo:
To in na samu ta fita ya zan yi kar ta dawo? Don gaskiya harsashin da ake ba mu gauraye ne, yau wannan gobe wancan.

Na Barnawa:
Ai nan gizo ke saƙar. In da hali ku tsaya kan iri ɗaya mai matsakaicin gudu, irin su CCI Standard, SK ko Eley, kakinsu yana da kyau, masu saurin nan na arha da ake zubawa a kwali ɗaya su suka fi barin dalma a wasu bindigogin. Wanda aka yi wa ɗan wankin jan ƙarfe ma ba riga ba ce, shafe ne kawai. Kuma kar a bar kwalin harsashi cikin mota a zafin Maris da Afrilu na Kaduna, kakin zai narke ya gangare, in hunturu ne kuma ƙura ta manne masa in an bar shi a buɗe, ka ga yashi kake turawa cikin bututu. Harsashin da ya faɗi ƙasa a goge shi ko a ware shi.

Baba Saje:
Ƙari biyu. Kar a yi ta ɓarin wuta har bututu ya yi zafin da ba ka iya riƙewa, a ba ta hutu tsakanin zagaye. Na biyu ɗakin harsashi, akwai wani zobe na baƙin hayaƙi da kaki da ke taruwa daidai inda bakin kwanson harsashi ke tsayawa, shi ke aske dalma tun kafin harsashi ya shiga layi, kuma shi ke sa kwanso ya ƙi fita. Shi ake wankewa bayan kowane atisaye, bututun kuwa tsumma ya isa sai in saiti ya fara lalacewa. Bayan babban wanki kar ka tsorata in harbin farko bai taru ba, sai ta ci 'yan harsasai kaki ya sake kwanciya. Da damina ka bar ɗan mai siriri a ciki saboda tsatsa, ka share shi kafin harbi.

Ɗan Kawo:
Allah ya ƙara girma Baba, na gode Hajiya. Yau zan jiƙa ta ta kwana.

Baba Saje:
In ka wanke tas kuma ta sake cika bayan kwali ɗaya ko biyu, to ba wanki ba ne matsalar, akwai kaushi ko rami a ciki. Kar ka sa mata komai mai gurza da kanka, kai wa mai kula da makamanku ya duba da madubin bututu.