Muna son ɗaukar babban jami'in fasaha na kwana ɗaya ko biyu a mako, ta ina za mu fara?

Mai_Sito_Uku:

Assalamu alaikum. Kamfaninmu na rarraba kayan masarufi ne a Kano, muna sarowa daga masana'antu muna kai wa masu shaguna. Sito uku, ma'aikata wajen arba'in. Muna da manhajar waya da masu shaguna ke yin oda a kanta, su biya ta Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, ko su yi tiransifa. Ɗan kwangila ne ya haɗa manhajar ya gama ya tafi, yanzu samari biyu ke kula da ita, dukansu ba su daɗe da gama makaranta ba.

Abin da ya dame mu: lissafin kaya na manhaja ba ya zuwa daidai da abin da ke sito, kuɗin saba (server, wato kwamfutar da manhajar ke aiki a kanta ta intanet) kullum hawa yake, kuma babu mai iya ce mana a gyara wannan ɗin ko a haɗa sabuwa. Albashin cikakken CTO, wato babban jami'in fasaha, ya fi ƙarfinmu, shi ya sa aka ba mu shawarar ɗaukar gogagge na ɗan lokaci. Awa nawa za mu nema? Me za a rubuta a yarjejeniya? Kuma ta yaya za mu gane ya san aikin, tunda ba fanninmu ba ne?

Injiniyan_Manhaja:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin maganar awa, ku fara duba ko makullan kamfanin suna hannunku. Sunan shafinku na intanet, da sunan wa da imel ɗin wa aka yi masa rajista? Babban asusun saba, ko a AWS na kamfanin Amazon mai ba da hayar saba yake ko wani waje, lambar wayar wa ke karɓar lambar tabbatarwa? Rubutun manhajar a GitHub, shafin da ake ajiye irinsa, yana asusun kamfani ko na ɗan kwangilar? Haka asusun Google Play da na Apple, da asusun Paystack, da makullin sa hannu na manhajar Android da ake buƙata wajen sabunta ta. Na Apple dala 99 ake biya duk shekara, in ya ƙare ba a sabunta ba manhajar sauka take daga kasuwarsu, saƙon tunatarwar kuma imel ɗin mai asusun yake zuwa. Duk waɗannan su dawo kan imel na kamfani, mai kamfanin ne ke riƙe da babban makulli, kowa kuma a buɗe masa ƙofar da aikinsa ke buƙata kawai. Shi kansa wanda za ku ɗauka kada ya riƙe babban makullin.

Sannan kada ku fara da yarjejeniyar shekara. Ku ba shi aikin bincike na mako biyu zuwa uku, a yanke kuɗinsa tun farko, rabi kafin alƙalami, rabi in ya kawo rahoto. Rahoton ya zo da jerin asusun da na ambata da mai riƙe da kowanne, bayanin inda kuɗin saba ke tafiya layi-layi, matsaloli biyar mafi hatsari da kuɗi da lokacin gyara kowacce, da ra'ayinsa kan samarin nan biyu. Abu ɗaya kuma ya yi shi a gabanku: ya ɗauko kwafin ajiyar bayananku na jiya ya tashe shi a wata saba daban, ku ga odar jiya da idonku. Da yawa sai ranar da saba ta mutu suke gane kwafin ya daina aiki tun watanni, ko kuma a kan sabar da ta mutun ake ajiye shi.

Kuɗin saba yawanci ba ciniki ne ke hawar da shi ba. Sabar gwaji da aka kunna aka manta, tsofaffin kwafi da ba a gogewa, hotunan kaya da ake ɗorawa da girmansu yadda suka fito daga kyamara, ga shi farashin da dala ake lissafa shi. Gogagge zai gano wannan a yini ɗaya, ya sa ƙararrawar da za ta turo saƙo in kashe kuɗin wata ya wuce iyaka.

Awa kuwa, ga masu haɗa manhaja biyu, kwana biyu a mako a wata uku na farko, daga nan kwana ɗaya. A tsayar da ranakun, misali Litinin da Alhamis, kada a bar shi a "awa goma sha shida duk lokacin da ya samu". Litinin ya tsara wa samarin aikin mako, Alhamis ya duba abin da suka rubuta kafin a ɗora. Lokacinsa ya tafi a yanke shawara, duba aiki, ɗaukar ma'aikata da ciniki da ƴan kwangila. In kuka ga shi ke rubuta manhajar da kansa, kun sayi mai haɗa manhaja mafi tsada, kuma ranar da ya tafi babu wanda ya san abin da ya rubuta.

Lauyar_Kasuwanci:

Alhaji, ta ɓangaren takarda, ku fara da ɗan kwangilar da ya wuce. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 manhaja tana cikin ayyukan da doka ke karewa, kuma haƙƙin yana farawa ne a hannun wanda ya rubuta, sai in yarjejeniya ta ce ba haka ba. Miƙa shi kuma sai a rubuce. Biyan kuɗin aiki kaɗai bai wadatar ba. In babu takarda, ku lallaɓa shi ya sa hannu yanzu da ake zaman lafiya, domin duk mai son zuba jari ko sayen kamfanin sai ya tambaya. Takardun samarin biyu ma a duba.

A yarjejeniyar sabon jami'in a rubuta cewa duk abin da ya samar saboda aikinku na kamfani ne. A rubuta ikonsa da adadi: kashe kuɗi har zuwa naira kaza a wata ba sai ya nemi izini ba, abin da ya haura sai da sa hannun manajan darakta, shi ke tantance masu neman aiki, ku ke ɗauka da sallama. Inda ba a yi haka ba, ko dai ya zama mai ba da shawarar da ba a bi, ko ya ƙulla muku kwangilar shekara uku ba ku sani ba.

Irin waɗannan mutane kamfanoni uku ko huɗu suke yi wa aiki a lokaci guda, wannan ba laifi ba ne. Amma ya bayyana su, ya kuma yarda ba zai yi wa mai rarraba kaya irin naku aiki ba muddin yana tare da ku. Ya bayyana duk wani kamasho ko hannun jari da yake da shi a kamfanin da zai ba ku shawarar ɗauka. Nan ne ake yawan cutuwa: rahoto ya ce a rushe a sake sabuwa, sai ga shi kamfanin ƙaninsa ne zai haɗa.

Lambobin waya da adireshin masu shaguna bayanan mutane ne a ƙarƙashin dokar kare bayanai ta 2023. In suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, awa 72 kuke da su ku sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, kuma alhakin na kamfani ne, ba na ɗan kwana biyu ba. Saboda haka a hana kwafe bayanan kwastomomi na gaskiya zuwa kwamfutar kowa da sunan gwaji.

Rabuwa: sanarwar kwana talatin daga kowane ɓangare, kuɗin watan ƙarshe kuma sai ya miƙa takardun bayani an rufe asusunsa. In ya nemi hannun jari, kada a ba shi a dunƙule. Abin da aka saba shi ne ya riƙa mallaka kaɗan-kaɗan cikin shekara huɗu, babu komai sai ya cika shekarar farko. Ni dai ga mai zuwa kwana ɗaya a mako, kuɗin wata ya fi sauƙin warwarewa.

Manajan_Ayyuka:

Na yarda da Injiniya, sai dai akwai gyara. Ranka ya daɗe, rashin daidaiton lissafin nan ba lallai laifin manhaja ba ne. Sabis ya ɗauke, mai sito ya saki kaya ya rubuta a littafi, ba a shigar ba. Kayan da aka dawo da su suna komawa sito ba su koma lissafi ba. Ana shigar da kaya a katan ana fitarwa a dozin, adadin da ke cikin katan kuma ya canza babu wanda ya gyara. Ta ɓangaren manhaja, Paystack kan sake turo sanarwar biya in bai ji amsa daga sabarku ba. In manhajar ba ta duba lambar cinikin don ta gane ta riga ta gani, sai ta cire kaya sau biyu a oda ɗaya. Uku daga cikin huɗun nan a sito ake gano su. Don haka wanda ba zai yarda ya wuni a sito ya bi mota ɗaya zuwa shaguna ba, ku bar shi.

Wannan ma ita ce jarrabawarku. Ku ba kowane mai nema wannan matsalar ku saurara. Mai tambayar yadda kaya ke shiga da fita, da wanda ke shigar da su, shi ne naku. Wanda ya ce a sake manhaja tun bai buɗe ta ba, ko ya kasa yi muku bayani da Hausar da akantanku zai gane, a'a. Ku nemi lambar masu kamfani biyu da ya gama da su, ku tambaye su abin da ya tsaya bayan tafiyarsa.

Sannan mutumin kwana biyu ba ya kashe gobarar daren Asabar. Dole a cikin gida a sami mutum ɗaya na dindindin mai ɗaukar waya, da takardar matakai: yadda ake sake kunna saba, yadda ake komawa tsohuwar manhaja in sabuwar ta ba da matsala, wa ake kira. In babu mai iya wannan cikin samarin, aikin farko na jami'in shi ne ya horar da ɗaya ko ya nemo muku wani.

Mai_Sito_Uku:

Allah ya saka da alheri. Mun duba, GitHub da asusun Google Play duk na ɗan kwangilar ne. Mu jira sai mun ɗauki mutumin, ko mu tuntuɓe shi yanzu?

Injiniyan_Manhaja:

Yanzu, Alhaji. Ku buɗe asusun kamfani a GitHub, ya tura ma'ajiyar gaba ɗaya da tarihinta, ba fayil a filashi ba. Google Play yana da hanyar mayar da manhaja daga wani asusu zuwa wani ba tare da masu amfani sun sake saukewa ba, amma asusun kamfani sai da lambar D-U-N-S, wato lambar shaidar kamfani ta duniya, samunta kuma kan ɗauki kwanaki, don haka ku nema tun yau da sunan da ke takardar CAC harafi da harafi. Ku biya shi ladan yinin da zai ɓata, ya sa hannu a takardar da Barista ta faɗa a zama ɗaya. Da an gama, a canza duk kalmomin sirri da makullin sirri na Paystack, a sa sabon a saba nan take, in ba haka ba biya zai tsaya.