Neman shawara: tsohon gem ɗin jirgin yaƙi ya hana ni sakat

Assalamu alaikum 'yan uwa. Daga Jekadafari nake, nan Gombe. Na haura arba'in, ga iyali, amma kwanan nan wani gem na yarinta ya tsaya mini a rai. Akwai wani shago a bayan layinmu mai Sega biyu da talabijin mai ƙaton ƙeya, can kuɗin tararmu suke ƙarewa. Gem ɗin na jirgin yaƙi ne, kana kallonsa ta baya, ya tashi daga kan jirgin ruwa, abokan gaba su yi ta ɓullowa kamar fara. Da ɗan akwati ya bayyana a kansu sai ka saki roka. Can kuma wani ƙaton jirgi ya zo ya ƙara maka makamai a sama. Sunan ya ɓace mini.

Na ba babban ɗana labari, ɗan shekara 12, ya yi ta dariya wai gem ɗin tsofaffi. Ina so mu buga tare. In nemi tsohuwar Sega ne, ko akwai wata hanya? Kuma ku gaya mini gaskiya, daɗin gaske gare shi, ko yarinta ce kawai take ruɗa ta?

Mai gyaran waya, Tudun Wada: Wa alaikumus salam Yaya. After Burner II kake nufi, ba tantama. Kamfanin Sega na Japan ya fitar da shi a 1987, Yu Suzuki ne ya jagoranci aikin, ya iso Mega Drive, wato Sega ta gida, a 1990. Jirgin F-14 Tomcat ne, wanda sojan ruwan Amurka suka ajiye tun 2006. Asalinsa ma na'urar shiga ciki ce, kujerar tana karkata da kai in jirgi ya karkata. Mu nan ta gida kawai muka gani. Shawarata kada ka yi saurin sayen tsohuwa. Yawanci hannun ya mutu, kaset sai an yi ta hura masa iska, kuma sabbin talabijin da yawa ba su da ramin wayar nan mai rawaya. Akwai Mega Drive Mini 2 ta 2022, 'yar ƙaramar sabuwar Sega, gem ɗin na ciki, HDMI take amfani da shi, sai dai samunta aiki ne.

Wata 'yar uwa daga Pantami: Ni abin da na sani yayyena sun sha bulala a kan gem ɗin nan. Allah ya ba da sa'a Malam.

Malamin makaranta, Bolari: Ba yarinta ba ce kaɗai. Na sake buga shi bara, sai da na ga ƙarfe ɗaya na dare. Sirrinsa shi ne bai ɓata maka lokaci. Babu koyon tashi, babu dogon labari, babu jiran data. Minti ɗaya ka gane komai, amma kauce wa rokar da ta biyo ka ta baya sai ka yi wata kana koyo. Ka tuna mirginawar nan, da ka ja hannu gefe ka dawo da shi da sauri duniya ta kife? Har yau sai na karkata jikina, uwargida tana mini dariya. An yi shi ne don mai jefa kwabo ya mutu da wuri ya sake jefawa, shi ya sa ba ka tashi ba tare da ka ce bari in ƙara ɗaya ba. Amma fa hotonsa zai ba ka mamaki, bai kai kyan da kake gani a zuciyarka ba.

Ɗalibi, Federal Low Cost: Baba, da girmamawa, in yaron kake so ka kama, fara masa da Ace Combat X na PSP, na'urar gem ta hannu ta Sony. Yana tafiya a waya da manhajar PPSSPP mai buga gem ɗin PSP, kuma a can jirgin ko'ina ka ga dama za ka kai shi, ba gaba kawai ba. In ya kamu sai ka nuna masa kakansu.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. After Burner, wallahi shi ne! Mai gyaran waya, gobe bayan La'asar zan leƙo shagonka da yaron. Malam, mataki na nawa ka kai? Ni ban taɓa wuce wurin duwatsun nan ba.